Katakon Bariki a Ɗakin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren ɗakin amaryata ba, ko da tsufa zai mantar da ni sunana. Zamanin Turawa ne, ina koyon kafinta a Tudun Wada, kaina ya kumbura don na iya riƙe zarto.

Ana gyaran barikin da Turawa ke sauka in za su shiga dajin Falgore, aka ɓamɓare katakon da aka lulluɓe bangon ciki da shi, siriri, sumul, sai sheƙi. Na roƙi maigidana ya bar mini. Da ya ji a ƙasan ɗaki zan shimfiɗa, sai ya ce, "Kai, wannan na jingina ne, ba na takawa ba." Na ce to, na kwashi abina.

Yayata Hauwa ta riga ta gayyaci mata daɓe, har an jiƙa makuba. Na ce a bari, daɓe na ƙauyawa ne (ni da ban taɓa wuce Bebeji ba). Na jera sanduna a ƙasa, na buga katakon a kai. Ya yi kyau, wallahi, har maƙwabta na zuwa leƙe.

Biki ya matso, na taka tsakiyar ɗakin, sai na ji ya lotsa. Damina ce, danshi ya shige shi, gara kuma ta samu tuwo. Wadda nake tsoro ita ce Gwaggo Ladi, ƙanwar uban amaryata Binta, da tun farko ta ce ba za a ba mai ƙwanƙwase-ƙwanƙwase Binta ba. Kuma mace ce mai jiki (Allah ya ji ƙanta, ba gulma nake ba).

Na samu Yaya Hauwa na marairaice. "Yaya, don Allah a sa gado a lungun gabas, nan ne sanduna suka fi yawa."

Ta harare ni. "Mu ƙauyawa ina muka san gabas?"

Ranar jere ango ba ya shiga cikin mata, don haka na zagaya bayan ɗakin na tsuguna ƙarƙashin taga, gumi na keto mini. Duk takun da aka yi a ciki sai in ji shi a ƙirjina. Na ji an shigo da gadon ƙarfe, na ji Yaya ta ce a kai gabas, na sa mata albarka a zuci. Sai muryar Gwaggo: "Wa ke sa gado a ƙuryar duhu? Ku jawo shi nan wajen taga." Ba addu'ar da ban karanta ba. Can ta ce, "Bari in zauna in ji ko ya daidaita."

Ƙaras! Ƙafafun gado biyu suka nutse, Gwaggo ta gangara ƙasa, tasoshin da aka jera suka bi ta da kwaramniya. Mata suka ɗauki salati. Ina nan tsugune Gwaggo ta leƙo ta taga, ɗankwali a karkace, muka haɗa ido.

"Sannu da aiki, kafinta," in ji ta. Da ma ƙasa ta tsage in shige.

Ta rantse Binta ba za ta tare ba sai an yi daɓe. Na koma wajen Yaya da rarrafe. Washegari mata suka taru, suka sa sunana a waƙar daɓe, kowane bugu da ni. Katakona kuwa da shi aka dafa musu tuwo.

Tun daga ranar na san abin bango na bango ne. Binta kuma, har muka yi jikoki, in na ƙera kujera sai ta ce, "Malam, fara zama tukuna."