Baba Anaruwa da Buroshin Dubai

A unguwarmu a Gumel akwai wani attajiri, Alhaji Ilyasu mai atamfa. Mutumin kirki ne, illarsa ɗaya: in ya je wuri ya ga sabon abu, sai duk gari ya ji a jikinsa. Bara ya je Dubai sarin kaya, wani mai aski a can ya shafa masa kumfa a fuska da buroshi, shi ke nan muka shiga uku. Ya dawo da kwanon sabulu mai ƙamshi da wani buroshi mai laushi, wai gashin wata dabbar Turai ne. Sunan dabbar shi kansa bai riƙe ba.

Wanzamin gidansu kuwa, Baba Anaruwa, ya haura saba'in. Shi ya yi wa mahaifin Alhaji aski har ya koma ga Allah. Aikinsa bai wuce ya zuba ruwan ɗumi a ƙoƙo, ya murza gemu da tafin hannu, ya goga aska a fata, ya bi. Gidan Alhaji ne kaɗai babban gidan da ya rage masa, sauran duk sun koma shagon masu inji. In nan ma aka sallame shi, sai dai ya rataye zabira.

Wata Juma'a da hantsi muna zaune a ƙofar gidan, mu wajen shida, Baba ya iso. Bai gama shimfiɗa buzunsa ba Alhaji ya sa aka fito da kayan Dubai.

Ya ce, "Baba, yau ruwan nan naka ya huta. Ga buroshi, ga sabulu. In ka tayar da kumfa kana nan. In ka kasa, wallahi na riga na yi magana da mai shagon bakin tasha."

Baba ya juya buroshin, ya sansana. "To Alhaji, yaya ake tayar da ita?"

Abin da Alhaji ke jira ke nan. Ya gyara zama ya fara karatu: a jiƙa buroshi a ruwan ɗumi, a yarfe, a riƙa zagaya shi a kan sabulu, ana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta yi kauri kamar kindirmo. Yana bayani yana kallonmu, don mu shaida ya yi yawon duniya. Ni dai gaskiya tausayin tsohon nan ya kama ni.

Baba ya tsoma buroshi bai yarfe ba. Abu ya fito tsararo, yana bin haɓar Alhaji yana gangarawa cikin wuyan riga.

"Ruwa ya yi yawa, Baba."

Ya matse buroshin tamau ya sake gwadawa. Wannan karon sabulun ya daskare a gemu kamar an yaɓa farar ƙasa.

"Yanzu kuma ya yi kaɗan."

Baba ya ɗan yi nazari, sai ya tuna yadda matarsa ke kaɗa miyar kuka. Ya dafe kwano da ƙafafunsa, ya tsayar da buroshi a ciki, ya kama mariƙin tsakanin tafukansa ya shiga murzawa kamar maburgi. Kumfa kam ta tashi, ba ƙarya. Sai dai ba ta tsaya a kwano ba. Ta sami Alhaji a ido, ta sami farar shaddarsa ta zuwa masallaci, mu ma da ke gefe kowa ya samu rabonsa. Muna ta danne dariya, wani har da tarin ƙarya.

Alhaji ya share ido da hannun riga, ransa ya ɓaci sosai. Ya ce, "Ya isa haka, Baba. Tattara kayanka. Zamani ya wuce ka. Aikin aska in ba kumfa ba ya kyau, ko'ina a duniya an san wannan. Hannun da ya kasa kaɗa sabulu, ni ba zan ƙara miƙa masa maƙogwarona ba."

Baba ya ajiye buroshi a hankali, ya goge hannu, ya dube shi sama da ƙasa, ya kira shi da sunansa na yarinta.

"Ilu, wurin da ya fi maƙogwaron nan hatsari na sa wa aska kana ɗan shekara bakwai, ba buroshi ba kumfa. Yau matanka uku, 'ya'ya goma sha tara, har yanzu ba wadda ta dawo mini da aikin a gyara."