Ranar da Na Saƙa Gyalena a Darduma

Matan ma'aikatan ofishin jakadanci na tara a falona, zan koya musu saƙar darduma. Na ɗora buhun algarara a cinya, ina jawo siraran ƙyallaye daga ƙasa da kwarashi. Na ce musu, "Ni ba na leƙawa, yatsuna ke gani."

Da aka kira la'asar na miƙe, sai darduma ta miƙe tare da ni. Ashe tun ɗazu bakin sabon gyalena nake saƙawa ciki.

Hajiya Binta, babbarmu, ta ɗauko almakashi a natse. "Malama, wanne za mu ceta?"

Muka ceci darduma. Har yau in na shiga taro sai su ce, "Ku tattare mayafanku, yatsu masu ido sun iso."