Rasuwar Dattijo, Injin Tifar Yayana

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aikina direbobin manyan motoci rasuwar Dattijo, injin dizal mai silinda shida na tifar gidanmu. Ya cika wata ranar Talata da hantsi, a garejin masu mayar da motoci su koma shan iskar gas, bayan shekara ashirin da shida yana aiki. Na san ƙarfe ba shi da rai, Allah Ya yafe mini in na yi wauta. Amma duk wanda ya san gidanmu ya san abin da aka rasa.

Yayana ne ya raɗa masa suna, saboda ba ya tashi da gaggawa. In an murza makulli sai ya yi gyaran murya sau uku, kaf, kaf, kaf, sannan ya saki gurnani. In an kashe shi kuma sai ya girgiza motar sau biyu kafin ya yi shiru. Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa kunyata mu a kan tudu ba, ko da an zuba masa tsakuwa fiye da ƙima. Yana da nasa aibin, ba zan ɓoye ba: mashayin baƙin mai ne, kuma hayaƙinsa ya sa maƙwabciyarmu ta sha kwashe shanyarta tana yi mana Allah ya isa. Muna roƙon ta yafe masa.

Shekara goma sha tara suka yi tare da yaya. Wata safiya, shekara bakwai ke nan, yaya ya ɗauko lodi daga wurin fasa dutse sai ƙirjinsa ya riƙe. Ya gangara gefen titi, ya ja birkin hannu, ya kifa kansa a kan sitiyari. Bai kashe injin ba. Masu wucewa suna jin mota na aiki, sai suka ɗauka direba ne yake hutawa. Daga safe har bayan la'asar Dattijo yana zaune da shi, yana gurnani a hankali. Ko da na isa, an riga an sauko da yaya, amma an rasa mai ƙarfin halin taɓa makullin. Ni na hau na kashe. Ya girgiza sau biyu kamar kullum. Shi kaɗai ya san ko yaya ya yi magana.

Daga nan na bar ƙaramar motar da nake ja na karɓi tifar. Mahaifiyarmu, Inna, idonta ya daɗe da tafiya. Da yamma, in motar ta shigo layi, kwanukan da ke kan kantar ɗakinta sai su fara kaɗawa, ita kuma ta ce, "Ga yayanku nan, a ɗora ruwa." Ranar da na fara dawowa da motar, haka ta faɗa. Matar yaya ta toshe baki ta shige ɗaki. Ba wai Inna ta ruɗe ba ne. Da hankalinta, kuma a gabanta aka fita da gawar yaya. Amma kullum sai ta faɗa, in na shigo kuma ta ce, "Sannu da hanya," ba ta kama sunan kowa ba. Babu wanda ya taɓa yi mata gyara.

Ni ma ina da nawa, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. A doguwar gangara, in na saki totur, nakan ji wani sauti a ƙarƙashin gurnanin, irin gunjin da yaya yake yi ta hanci in yana tuƙi, wanda ba waƙa ba ne, ba kuma karatu ba. Ban taɓa waiwayawa ba.

Jinyar ajali ta fara ne ranar da masu wurin fasa dutse suka liƙa takarda a ƙofa: daga sabuwar shekara, motar da ba ta shan iskar gas ba za ta shiga lodi ba. Na yi ta jan ƙafa. Wata biyu tifar tana ajiye a ƙofar gida, ina tayar da ita da yamma kawai. Sai matar yaya ta same ni a zaure.

"Ƙanina, baki goma sha ɗaya ke ci daga motar nan. Na fi ka son jin ƙarar nan, wallahi. Amma kai ta."

Na kai ta. Babban bakaniken garejin mutum ne mai furfura da sanyin magana. Ya zagaya motar, ya ce, "Kwantar da hankalinka, ba jefar da shi za mu yi ba. Za mu rage kan fistin, mu huda masa gurbin fulogi, mu ɗaura tukwanen gas a bayan kan motar. Iska zai riƙa sha maimakon mai, shi ke nan." Har dariya na yi, wai tsohon da bai taɓa sanin fulogi ba za a koya wa sabon ci.

Kafin su sa masa hannu na roƙi a bar ni in tayar da shi sau ɗaya. Na ɗora wayata a kan bamba na ɗauki muryarsa, tun daga gyaran muryar har girgizar.

A rana ta biyu bakaniken ya kira ni. Na tarar sun kwance shi, sun jera kayan cikinsa a kan kwali, gangar jikin tana rataye da sarƙa. Ya haska fitila ciki.

"Miƙo yatsanka."

Na bi wurin da yatsa. Tsaga ce, ta taso daga silinda ta uku ta ratsa har ƙasa.

"Ku kuka fasa shi?"

"Dubi bakinta, ya yi baƙi, ya yi tsatsa. Wannan ba ta bana ba ce, ba ta bara ba. Ta kai shekara shida ko bakwai." Ya kashe fitilar. "Shekara talatin ina buɗe inji. Mai irin wannan tsagar, ruwa da mai suke haɗuwa a cikinsa, ko mako ba ya yi. Ni dai ban san da me yake tafiya ba."

Ya ce injin ba zai ɗauki aikin ba, ba kuma zai sake haɗuwa ya tashi ba. Nan aka ja masa tamfol.

An sa wa motar sabon inji. Ba ni da abin zarginsa: ba hayaƙi, ba wari, yana jan lodi daidai gwargwado. Sai dai ba shi da murya, huci kawai yake yi. Ranar da na dawo da ita gida na shigo layi, na tsaya, na kashe. Babu wanda ya leƙo. Na yi sallama a ƙofar Inna sai ta zabura.

"Wane ne?"

"Ni ne, Inna."

"A ƙafa ka zo?"

Na durƙusa na faɗa mata komai. Don in rage mata zafi, na ciro wayar na kunna mata muryar Dattijo. Ta saurara kaɗan, ta ɗaga hannu.

"Kashe. Ba shi ba ne. Ni ba da kunne nake jinsa ba." Ta dafa ƙasa da tafin hannunta, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "To, yau kam ya tafi."

Ranar da aka fita da yaya, Inna ba ta zubar da hawaye ba, ita ce ma take ba mutane haƙuri. A wannan yammacin ta yi kukan, har muryarta ta dushe, matar yaya tana riƙe da ita. Ni kuwa tun daga ranar na bi gangarar nan sau tara. Ina sakin totur, ina kasa kunne. Babu komai sai iska.

Marigayin ya rasu ya bar giyar motar, wadda aka haɗa da baƙon inji ba tare da an nemi yardarta ba. Ya bar tankin dizal da aka kwance aka jingine a bango, har yanzu yana wari. Ya bar kujerar direba, wadda ramin da ke tsakiyarta ba nawa ba ne. Ya bar tsohuwa ɗaya, bazawara ɗaya, da ni.

Za a yi masa rakiya ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, daga bayan garejin zuwa wurin masu yankan ƙarfe. Direbobin da suka san shi suna iya zuwa, amma muna roƙon kada a danna ham. Inna ta ce a kai ta tukuna, domin shekara ashirin da shida ba ta taɓa sanin girmansa ba, tana so ta shafa da hannunta. Bakaniken ya yi alkawarin wanke shi da ajiye mata kujera a inuwa. Na roƙi masu yankan kada su kunna wuta sai na mayar da ita gida.

Ba za a yi zaman makoki ba. Ranar Litinin da safe ina da lodi.

Sanarwa daga ƙanin mai motar, a madadin iyali.