An Sa Wa Mai Gadina Safa a Baki

Jama'a, ku taya ni dariya. Jiya na ga babban mutum yana gudu da takalmi ƙafa ɗaya, kuma ni na sa shi.

Auduga da katifa nake sayarwa a kasuwa, kayan da ko sunan ashana ba sa son ji. Bara manyanmu, Allah ya ƙara musu tumbi, suka manna wa kowane shago wani farin faifai a silin, wai mai gadi ne, mai sansano hayaƙi. Aka tafa, aka ɗauki hoto, aka watse.

Kwanan baya nawa ya fara "ƙit, ƙit", yana kashe mini jan ido. Maƙwabciyata mai kwanuka ta ce, "Yaya, tsuntsu ne ya maƙale, watsa masa tsaba."

Mai gyaran wuta na layinmu ya ce, "Inna, ba tsuntsu ba ne. Akwai ɗan haske a cikinsa, hayaƙi na shiga ya tarwatsa hasken, sai ya kurma ihu. Kuma yana duba lafiyar kansa. In ƙura ta cika masa ido ko batir ya yi sanyi, sai ya yi wannan ɗan kukan, a zo a gyara shi."

Na ce, "Wato da bakinsa yake faɗin ya gaza?"

"Ƙwarai."

"Allah sarki. Wannan ba zai daɗe a aikin hukuma ba."

Na kai kuka ofishin kasuwa, gaban Mai Girma Uban Kujera. Ya ce za a ɗauki mataki. Aka ɗauka kuwa! Masinja ya zo da tsani, ya zura wa faifan safa, ya sauko yana karkaɗe hannu. "Hajiya, an gyara, ba ya kuka."

"In wuta ta kama audugata fa, ɗan nan?"

"Haba, kar ki yi mana baki."

To, jiya na kunna tsumma a gwangwani, na yi sallama ofis. Ga faifan Mai Girma saman kansa, fes, ba safa. Na ɗaga gwangwanin.

Wayyo daɗi! Ihu ya cika ginin. Mai Girma, wanda aka ce ciwon gwiwa ke hana shi zagaya kasuwa, ya tsallake tebur, ya riga sakatariyarsa fita, ya bar takalmi ƙafa ɗaya a baya. Ni ko na hau kujerar, ashe juyawa take! Na yi ta juyi har na ga jiri.

Ya leƙo yana haki. "Hajiya, mene ne haka?"

"Gwaji ne, ranka ya daɗe. Naka lafiyarsa ƙalau, barka. Gobe ma zan zo mu gwada, har nawa ya warke."

Kafin la'asar an hure wa nawa ƙura, an sa sabon batir, idonsa ya koma kore.

Safar tana wurina. Mai Girma ya aiko a karɓa; ban yi mamaki ba, don na lura safar ƙafarsa da ta bar takalmi ta huje.