Ranar Da Na Shafa Wa Kujerar Hajiya Giris

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kujera ta tuɓe ni a gaban baƙi ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidana ba za su bar ni ba.

A da, idan gwiwar tsoho ta gaza, sai a sauko masa da gadonsa ƙasa, ya yi sallama da bene. Haka aka yi wa mahaifina a wannan gida namu na Fagge. Yanzu kuwa zamani ya kawo kujera mai hawa bene: layin ƙarfe mai haƙora a jikin matattakala, ka zauna, ka danna, ta kai ka sama. Ɗana Bukar ne ya sa aka kafa mana ita saboda Hajiya, matata, wadda ciwon gwiwa ya hana ta sakat. Da zai koma wurin aikinsa ya ce, "Baba, busasshen tsumma kawai take so. A goge layin, a ajiye ta inda take caji. Sauran aikin, waɗanda suka kafa ta za su riƙa zuwa dubawa."

Hajiya ta riƙe wannan magana kamar karatu. Kullum da safe za ta zauna a kai da tsummanta, tana sauka tana gogewa. Ni kuwa abin yana ba ni haushi. Fatauci ya kai ni Jidda da Alƙahira da Istambul, har Jamus na je na hau irin kujerar nan tun Bukar yana rarrafe. Ina jin Barbarci da Larabci da Faransanci, ga Yarabancin kasuwa. Yaron da na haifa ne zai koya mini kula da ƙarfe? A ganina Bature yana goge abinsa da tsumma ne saboda ƙasarsu akwai danshi, amma ƙarfen Kano ƙishirwa yake ji. Kusa da tashar jirgin ƙasa na girma, na ga yadda ma'aikata ke lafta wa mahaɗar layi mai, kuma ban taɓa jin jirgi ya yi ƙorafi ba. (Ban tsaya na tuna cewa jirgi ba ya sa babbar riga ba.)

Sai kujerar ta fara wani ɗan kuka, ƙii-ƙii, daidai lokacin da ake shirin zuwa neman auren Falmata, 'yar ƙanena, wadda ni ne waliyyinta. Dangin yaron Yarabawan Sabon Gari ne, 'yan kasuwar Singa, mutanen kirki masu son girma da girmamawa. Na ce wallahi kujera ba za ta yi mini kukan ɓera a gaban surukai ba. Na sayo gwangwanin giris, na bi layin nan tun daga sama har ƙasa na lafta masa.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, ɗumame kake wa miya?"

"Gyara nake."

"Bukar ya ce tsumma."

"Bukar ya taɓa zuwa Jamus?"

"To, Allah ya ba da sa'a, Bajamushe."

Ranar ta zo da zafi kamar a gasa gurasa. Na ɗauko babbar rigata ta shadda, fara sol, ta sha bugu. Saboda zafin na bar 'yar ciki a rataye, na zura rigar a kan wata tsohuwar singileti mai huji a ciki. Wa zai gani? Kuma ku sani, ƙafata lafiya lau take, da ita nake zuwa masallaci. Son burgewa ne kawai ya ce in sauko a kujera.

Falonmu a gindin matattakalar yake. Da baƙin suka hango ni tafe, babbansu Alhaji Lamidi ya miƙe tsaye, samarin da suka rako shi kuwa suka zube rub da ciki bisa al'adarsu. Ba sa tashi sai babba ya ce a tashi. Na tanadi kalmar da Yarabanci, ina jira in isa ƙasa in faɗe ta su sha mamaki.

Ban isa ba. A tsakiyar matattakala gefen rigata ya manne da giris, haƙoran layin suka kama shi suka fara ci. Na ji ana jan wuyana zuwa hagu. Maimakon in saki maɓallin, sai na ƙara dannawa. Kujerar ta haɗiye wajen kamu guda na shadda, ta yi gurnani, ta tsaya cak, ta shiga ƙara kamar motar asibiti. Ga ni a karkace, hula ta gangara ta faɗa tsakanin samarin, su kuma suna nan kwance, goshi a ƙasa.

Alhaji Lamidi ya ce, "Baba, lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya lau, haka take yi. Hutawa take."

Daga sama Hajiya ta ce, da muryar da ta tabbata kowa ya ji, "Ba ta taɓa hutawa da ni ba."

Na ja rigar, ta ƙi. Ƙanena ya hau ya ja, hannunsa ya yi baƙi ƙirin, ya zame saura ƙiris ya bi hula. Aka ce a kawo almakashi, na ce sai dai a yanka ni. A ƙarshe babu wata dabara illa in sulale daga cikin rigar ta ƙasa, kamar maciji mai saɓa. Na miƙe a kan matattakala daga ni sai wando da singileti, cibiyata tana leƙen baƙi ta huji.

Sai a lokacin wani daga cikin samarin ya yi magana daga ƙasa, cikin ladabi: "Baba, mu tashi?"

Duk harsunan nan nawa suka gudu. Da hannu na yi musu alama.

Alhaji Lamidi, Allah ya saka masa da alheri, ko murmushi bai yi ba. Ya cire tasa babbar rigar ya hau ya yafa mini, ya ce, "Baba, ai mun zama ɗaya." A cikin rigar wakilin mai nema na ba da auren Falmata. Hajiya kuwa ta kwana biyu a sama ba sauka, har waɗanda suka kafa kujerar suka zo suka wanke layin, kuma duk wanda ya hau gaishe ta sai ya ji labarin Jamus.

An yi biki lafiya. Surukan nan har yau suna girmama ni, sai dai na lura in sun zo gaisuwa, durƙuso kawai suke yi, a shirye su tashi da kansu. Gwangwanin giris yana wurin mai faci na bakin titi. Kujera ta koma hannun mai ita da tsummanta, ni kuma tun daga ranar da ƙafata nake saukowa, kuma komai zafi sai na sa 'yar ciki.