Teburin Suruki

Wani ne damina ta cinye masa bangon gida ta waje, duk ya zazzago. Surukinsa kuwa in ya zo sai ya tsaya yana kallon bangon, ya girgiza kai ya ce, "Na ba da 'yata ga mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa ba." Maganar nan tana ci wa mutumin rai matuƙa. Da ya ji tsohon zai zo ranar Asabar, sai ya rantse kafin nan zai rufe bangon da katako, kuma da hannunsa.

Ya je wurin maƙwabcinsa kafinta aron zarton lantarki, irin mai faifan nan da ke juyawa kamar zai tashi sama.

Kafinta ya ce, "Ka taɓa riƙe shi?"

Ya ce, "Na sha ganin ana riƙewa."

"To saurara. Ka sa tabarau. Ka cire wannan zundumemiyar rigar. Ka ɗora katakon a kan abin da ba ya motsi. Sannan ka ɗaga faifan daidai kaurin katakon, in ba haka ba har abin da ke ƙasa zai ci."

Sa'ad da ake faɗin na ƙarshen, gogan naka ya ƙura wa haƙoran zarton ido yana shafa yatsunsa. Ko kalma ɗaya bai ji ba.

Ya dawo gida ya tuɓe daga shi sai singileti. Ya sa tabarau, ya ɗora hular kwano ta ɗan acaɓa, ya toshe kunne da auduga. Ya duba ko'ina, bai ga abin da ba ya motsi kamar teburin cin abinci ba, wanda surukin ya ba su da aurensu. Ya jawo shi tsakar gida.

Ya ɗora katako, ya danna, ƙiiiii! Katako ya faɗi, wani abu ya bi shi. Bai duba ba. Ya ɗora na biyu, ya ɗora na uku.

Matarsa ta fito a guje tana ihu, "Wayyo teburin Baba!"

Ga auduga a kunne, sai ya ga bakinta kawai yana motsi. Ya ɗaga mata hannu ya ce, "Na gode, na gode! Matsa baya, aikin maza ake!"

Sai da ya yanka na goma sha biyu ya nemi wurin ɗora na gaba, ya tarar ƙafafu huɗu ne a tsaye, ba komai a kansu. Matar ta zauna tana kuka. Shi kuwa ya duba gunduwoyin teburin, ya duba bango, ya ga cewa dama katakonsa bai isa ba. Ya ɗauki guduma.

Ranar Asabar suruki ya iso. Ya tsaya, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Madalla, ashe na ɗauki alhakinka."

Yana shafa bangon sai hannunsa ya kama wani mariƙi. Ya ja, sai ga durowa ta fito, cokula suka zube a ƙafarsa. Ya sunkuya, ya ɗago a hankali, ya ce, "Yaro, wannan ba teburina ba ne? Me yake yi a jikin bango?"

Mutumin ya durƙusa ya ce, "Baba, ji ya yi za ka zo, shi ma ya miƙe tsaye."