Tsarabar Wuƙa da Cinyar Suruki

Akwai masu tsarabar da gara su dawo hannu rabbana. Ba zan kama suna ba, katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma ya san kansa. Irin mutanen nan ne da ba sa tsayawa su ce wance me take so, wane me ya rasa. Abin da ya burge su a kasuwa shi za su kwaso, tsoho da yaro, mace da namiji, kowa a danƙa masa iri ɗaya, wai don kada a ce an yi son kai. Wata shekara baƙin tabarau ya rabo, aka wayi gari uwarsa tana tankaɗe kamar 'yar sandan ciki.

Direban babbar mota ne, hanyarsa Kwatano. Bana ana jibi Babbar Sallah sai ga shi da leda tana ƙara. Ya tara mutanen gida a tsakar gida, ya zazzage a tabarma. 'Yan wuƙaƙen nan ne masu naɗewa, waɗanda za ka buɗe su yi ƙyas, ka ninke ka jefa aljihu.

Uwarsa, Inna Kande, ta ɗauki tata ta jujjuya. Ta ce, "Kai wannan, yaƙi za mu?"

Matarsa Uwani ta ce, "Ni dai atamfa na ce."

Ya ce, "Atamfa wanki uku ta koɗe. Wannan kuwa har jikokinki sai sun gada. Ku ba ku san kaya ba. Wuƙa ba a saninta a ido, sai ta hau nama."

Ƙanensa Sallau ya buɗe tasa. Ya shafa bakinta da babban yatsa, ya gyaɗa kai irin na ɗalibin da ya gane karatu.

Mafi kyawun cikinsu, mai ƙotar ƙaho, gogan naka ya ware ya aika wa surukinsa, Baba Jatau, mahaifin Uwani. Kuma da dalili. A garinmu duk wanda ya yi layya, cinya guda ta suruki ce, ba a ciniki a kanta. Bara kuwa motarsa ta mutu a hanya, bai yanka ko zakara ba. Da ya je ban haƙuri, Baba Jatau, wanda maganarsa kaɗan ce amma kowacce da ƙaya a jikinta, ya ce masa, "Haba, ba komai. Ai mun shaƙi ƙamshin na maƙwabta, ya ishe mu." Shekara guda maganar nan tana sukarsa. Shi ya sa bana ya sayi rago balami kamar ɗan maraƙi, ya haɗa wuƙar da saƙo: a gaya wa Baba ya gayyato abokansa, wuƙar ta yanka cinya ce.

To, mu ba ma soya naman layya ranar Sallah. Banƙare ragon ake yi a kan itace, a kafa shi gefen wuta ya yini yana tsiyayar da mai, sai washegari a raba. Kuma tun da aka kafa gidan nan wuƙa ɗaya ce a cikinsa mai yanka nama, tana cikin kube a ɗakin maigida. Sauran ko albasa sai an roƙe su. Abin da ya tsare cinyar surukai shekara da shekaru ke nan, ba tsoron Allah ba. Shi kaɗai ne bai taɓa lura ba.

Washegari da hantsi ya cire cinyar nan, ta gasu ta yi jawur tana sheƙi. Ya ɗaure ta da igiya a rumfa, can sama inda kyanwa ba za ta kai ba. Kyanwa kaɗai ya yi wa shiri. Ya ɗaga murya ya ce, "Wannan ta Baba ce. Zan kai wa mai motar da nake tuƙawa nasa kason, in na dawo ni da kaina zan miƙa ta. Wanda ya taɓa, ni da shi!" Ya saka babbar riga ya fice.

Sallau ne ya fara giftawa. Ba yunwa yake ji ba, Allah ya sani. Maganar Yaya ce ta tsaya masa a rai, cewa wuƙa ba a saninta sai ta hau nama. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ƙyas. Ɗan siriri ya ɗauka daga baya, kamar ganyen zogale. Wuƙar ta wuce sumul. Ya ce a'a, wannan wuri mai taushi ne, ba gwaji ba ne, bari a ga wajen jijiya.

Yana barin wurin Inna Kande ta zo ɗaukar tsintsiya. Ta ga an yi wa cinya tabo. Ta ce, "Wane marar tarbiyya ne ya ɓata kayan surukai haka? A kai wa mutum abu da rami?" Ta kwance bakin zane, ƙyas, ta shiga daidaitawa. Ita da rabonta da gasasshen nama tun da turamenta suka zube, yau ga abin da ke yanka shi fale-fale, yana narkewa a harshe. Ta daidaita nan, can ya fi tudu. Ta daidaita can, nan ya fi tudu.

Sai Uwani. Ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon ɓarna. Ta ce, "Naman ubana kowa ya ci, sai ni da na sha hayaƙinsa?" Ƙyas. Da ta gama, ta juya wajen da aka ci ya kalli bango, lafiyayyen ya kalli ƙofa.

Daga nan kowa ya sake zagayowa, don wanda ya ga an riga an fara ba ya jin shi ne ɓarawo. Kuma kada wani ya taɓe mini baki. Duk wanda aka taɓa bari da gasasshen nama a rataye, ga sabuwar wuƙa a aljihu, ya wuce bai ce ƙyas ba, ya fito ya dafa littafi mu gani.

Bayan azahar mutuminku ya dawo. Daga bakin zaure ya hango cinya tana nan yadda ya bar ta, har ya yi murmushi, ya ce gida dai sai da tsawa. Ya kwance igiya, ya tattaro ƙarfi zai tare nauyi, sai abu ya faɗo masa a hannu sakayau kamar ludayi. Ya juya. Fata ce kawai a gaba. Baya kuwa ƙashi fari fat, ko kare ya gani sai ya yi wa mai aikin jinjina.

"Wa ya yi mini wannan? Sallau!"

"Yaya, ni gwaji kawai na yi. Kai ka ce sai ta hau nama."

"Inna, ke ma kina gidan nan aka yi haka?"

"Ka rage murya, ba sa'arka ba ce ni. Gyara na yi maka, da ka kai wa mutane abu a karkace."

"Uwani?"

"Ni na tarar da ita ta riga ta mutu, sutura kawai na yi mata."

Yana tsaye da ƙashi a hannu sai aka yi sallama. Baba Jatau ne da kansa. Ya tara tsofaffi a ƙofar gidansa tun hantsi, an kawo yaji, an kawo ruwa, an gama hirar duniya har an fara hamma, shi ne ya ce bari ya taka ya ga ko lafiya. Ga wuƙa mai ƙotar ƙaho a hannunsa.

Matan suka shige ɗaki. Sallau ya tuna ana nemansa a masallaci. Gogan naka ya zube ƙasa, ya cire hula, ya miƙa abin da ya rage da hannu biyu.

Baba Jatau ya karɓa. Ya duba gaba, ya duba baya, ya leƙa ta cikin fatar har ya hango hasken rana.

"Kura ta shigo muku?"

"A'a, Baba."

"Wuƙar nan da ka aiko mini, ni kaɗai ka ba?"

"Kowa na ba, Baba. Ban ware kowa ba."

"Na ga alama."

Ya buɗe tasa, ƙyas, ya kankari ƙashin sama da ƙasa. Ko abin da zai maƙale a haƙori bai fito ba. Ya goge ta a hannun riga, ya ninke, ya ce, "Kaya masu kyau ne. Ba a cuce ka ba."

Gumi ya gama jiƙa babbar riga. Mutuminku ya ce, "Baba, a yi mini aikin gafara. Ƙashin balami ne, in aka dafa shi zai yi romo sosai. Baɗi kuma in Allah ya kai mu, wallahi zan gyara."

Baba Jatau ya saɓa ƙashinsa a kafaɗa, ya nufi zaure. Sai da ya kai bakin ƙofa ya waiwayo.

"Allah ya kai mu. Alfarma ɗaya dai nake roƙo: in ka koma Kwatano, kada ka rabo musu cokali."